Yadda Ake Cin Abinci Da Waƙar Biki A Jidda Da Makka

Kafin ki karɓi biki da sunanki, ki yi amshi a bayan wata babbar zabiya na tsawon kakar biki guda, daga ƙaramar Sallah har ƙarshen hutun makarantu. A nan za ki ga yadda ake tayar da zauren da ya yi sanyi, da yadda ake sauka daga waƙa idan uwar amarya ta ɗaga hannu. Sababbin da suka tsallake wannan mataki saboda an yaba muryarsu a WhatsApp, yawancinsu biki biyu ko uku suke yi, waya ta daina ƙara.

Daga nan sai haɗa ƙungiya. Mutum biyar sun isa: ke, 'yan amshi biyu, masu kiɗa biyu, ɗaya a kan duffi, ɗaya mai iya ƙwarya. Dukansu mata, domin ɓangaren mata a ƙasar nan namiji ba ya shiga. Lallai a cikin 'yan amshin a samu wadda aka haifa a nan, harshenta ya nuna da Larabcin Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda. Tsofaffi Hausa suke so, 'yan matan da suka tashi a Jidda kuwa ba za su miƙe ba sai sun ji kiɗan Hijaz ko na Khalij, wato ƙasashen Larabawan Gulf, kuma ba sa yafe wa mai karya lafazi. Ki tanadi waƙa talatin da kuka haddace tare, kashi biyu Hausa, kashi ɗaya Larabci. Kayan aiki kada ki kashe kuɗi da yawa: makirfo mara waya guda biyu masu kyau, kwalin batir sabo, duffi uku. Manyan sifiku haya ake yi, kuma yawancin zaurukan biki suna da nasu.

Maganar takardu ki gama da ita tun yanzu. Dokar aiki ta Saudiyya ba ta yarda baƙo ya yi aikin da ba na igamarsa ba, wato takardar izinin zamansa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga tara da tarhil, wato a mayar da mutum ƙasarsu. Ki je ki tambayi masu sanin doka matsayinki kafin ki fara tallata kanki, kada kuma ki ɗauki yarinyar da ba ta da takarda ki jefa ta cikin wahala.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: ciniki. A gida Najeriya ko Nijar mawaƙiya tana iya zuwa biki ba ciniki, ta dogara da liƙi. A nan wadda ta yi haka za ta koma gida da kuɗin tasi kawai. Zaure ne na haya, rabin baƙin ba su saba da liƙi ba, wasu iyalan ma ba sa son a watsa kuɗi a ƙasa. Saboda haka ki yanke kuɗinki gaba ɗaya tun a waya, liƙi idan ya zo ƙari ne.

Kada ki faɗi farashi sai kin yi tambayoyi. Wane taro ne, daren lalle ko babban daren biki? A istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, za a yi ko a babban zaure? Mutum nawa aka gayyata? Duffi zalla suke so ko har da kiɗan inji? Wannan ta ƙarshe ki tambaye ta sau biyu, domin akwai gidajen da amarya ke son kiɗa, kakarta kuwa idan ta ji fiyano za ta ɗauki abayarta ta fita. Ki ce, "Hajiya, a tambayo mini Inna da dangin ango tukuna, kada mu zo mu ɓata wa manya rai." Ki tambaya kuma ko zauren yana karɓar ƙungiya daga waje, da wanda zai biya kuɗin sauti idan suna caji.

Sai ranar. Nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Wasu da kalandar Hijira suke lissafi, wasu da ta Miladiyya, kuma idan Bahaushiya ta ce miki "daren Juma'a", sau da yawa Alhamis da dare take nufi, wayewar Juma'a. Ki rubuta mata saƙo da kwanan wata iri biyu da sunan ranar, kamar haka: Alhamis da dare, kaza ga Shawwal, daidai da kaza ga watan Bature. Ta amsa a rubuce. A cikin saƙon nan ki sa lokacin farawa, lokacin tashi, da kuɗin kowace awa da aka ƙara. Ba tare da wannan ba za ki yi waƙa har kiran asalatu a kan kuɗin awa huɗu.

Kafin alƙalami rabin kuɗin ne, ba kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ba a riƙe wa kowa rana sai ya shigo. Ragowar a biya kafin amarya ta shigo zaure. Sababbi suna jin nauyin faɗar wannan, musamman idan mai bikin 'yar unguwa ce ko ƙawar Gwaggo. To ki sani, bayan an tashi uwar biki ta gaji, jakarta tana hannun wata, waccan ta tafi raka amarya, ke kuma ga mata huɗu suna jiran haƙƙinsu a bakin ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki nemi a nuna miki mace guda wadda kuɗin ke hannunta, ki karɓi lambarta. Idan an fasa biki saura mako biyu ko ƙasa, kafin alƙalami ba ya dawowa, sai in rasuwa aka yi. Wannan kam ki mayar, ko ki ɗaga musu zuwa wata ranar. Kuɗin mota daban yake. Jidda zuwa Makka wajen kilomita 80 ne, Madina kuwa ta haura 400, ga kwana ga abinci. Bikin Makka a Zulƙida ki yi hattara da shi, saboda idan Hajji ya gabato ana hana wanda ba mazaunin garin ba shiga sai da izini.

Saura kwana uku ki karɓi takardar sunaye. Sunan amarya da ango, iyayensu mata, kakanni, gwaggwanni, yayye, da garin da kowane gida ya fito, ko Kano ne ko Sakkwato ko Damagaram ko Barno. A turo miki da murya ki ji yadda ake kiran kowa. Ki tambaya a asirce wa ya rasu, wa aka saka, wace ce kishiyar wa. Ki jera sunayen ɗaya daga dangin amarya, ɗaya daga dangin ango, kada wani ɓangare ya ƙirga ya ga an tauye shi. Habaici kuma ki bar shi gaba ɗaya. Wata za ta matso ta danƙa miki riyal 200 ta ce ki taɓa mata wance. Idan kika karɓa, kin sayar da bukukuwan gidan wance na shekaru.

Ranar biki ki isa awa biyu kafin baƙi. Ki gwada makirfo kina tafiya har ƙarshen zauren, ki sa a rage amsa-kuwwa, ki tabbatar akwai ƙaramar sifika da ke fuskantarki, don wadda ba ta jin kanta ihu take yi, kafin sha biyu murya ta dishe. Duffin fata yana saki da sanyin na'ura da laimar Jidda, sai ya riƙa fitar da sauti a dakushe. Ki zo da ɗan hita, a riƙa gasa ɗaya ana kaɗa ɗaya. Na roba ba ya saki kuma ya fi arha, amma ni ban yarda da shi a waƙar Hausa ba, sautinsa a bushe yake.

Kada ki zuba manyan waƙoƙinki da wuri. Ƙarfe goma zauren rabi ne, ana gaisawa ana shan gahawa, amarya kuwa ba kasafai take shigowa kafin sha biyu ko ɗaya ba. Ki buɗe da salati da waƙoƙi masu sanyi, ki bar 'yan amshi su ja wasu. Minti 25 kina waƙa, minti 10 hutu. Ruwa mai ɗumi da zuma a gefenki, ba na firij ba, kuma ki roƙi masu yawo da turaren wuta su kauce wa inda kike.

Shigowar amarya ita ce abin da za a tuna da ke. Tun da rana ki taka hanyar daga ƙofa zuwa kujerar amarya a hankali kina duba agogo, ki ninka lokacin biyu, domin za ta tsaya hoto, doguwar rigar kuma tana jan ta baya. Ki tanadi baitocin da za ki iya ƙarawa ko ragewa. Idonki a kan amarya, ba a kan taro ba, ki sauke waƙar daidai lokacin da ta zauna, a rangaɗa guɗa. Idan ango zai shigo da mazan gidan, ke ce mai makirfo: ki sanar da Hausa da Larabci, ki ba mata minti biyar cikakku su rufe jikinsu. Wayoyin ƙungiyarki su zauna cikin jaka. Hoto guda na matan mutane ya fita ta hannunku, sana'ar ta ƙare.

Rabon kuɗi a daren ake yi. A cire mota da hayar kaya, kowace ta karɓi abin da aka yi da ita tun farko, liƙi rabi naki rabi nasu. Talla ta fi tafiya ta bakin masu lalle da masu kwalliya da masu girkin biki, ki riƙa yi musu ihsani idan sun kawo miki aiki. Daga kowane biki ki ware kashi ɗaya cikin biyar, saboda Ramadan da kwanakin Hajji babu aiki, haya kuwa ba ta jira. A watannin nan ne ake zama da 'yan amshi a ɗinka sababbin baitoci, a kai duffin da ya tsage a sake masa fata.