Maɓallan "Ku Biyo Mu" a Bulog: Inda Ake Yawan Tuntuɓe da Yadda Ake Gyarawa

Maɓallin da ke ɗaukar mai karatu daga bulog ɗinka ya kai shi Facebook ko YouTube adireshi ne kawai aka ɗora wa hoto. Layi ɗaya ne na HTML. Duk da haka, in ka zagaya shafukanmu na Hausa, na labarai da na girke-girke da na ƙwallo da na wa'azi, kana danna tamburan nan da ke sama ko ƙasan shafi, za ka tarar da yawa ba sa kai mutum ko'ina. Abin yana damuna, domin wanda ya karanta rubutunka har ya nemi inda zai bi ka shi ne mai karatu mafi daraja, kuma shi ne ake bari ya tafi hannu rabbana. Kusan duk matsalolin tushensu ɗaya ne: an kwafo kod daga wani wuri, an liƙa, ba a tsaya an karanta abin da ke ciki ba.

Ga maɓallin da ba shi da aibu, domin mu riƙa auna sauran da shi:

<a href="https://www.facebook.com/sunanshafinka" target="_blank" rel="noopener"><img src="https://adireshin-hotonka/facebook.png" alt="Ku biyo mu a Facebook" width="44" height="44" /></a>

Abin da ke bayan href shi ne inda za a je. Abin da ke bayan src shi ne hoton da za a gani. Sauran duk taimako ne.

Adireshin da ba ya zuwa ko'ina

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne barin https:// a farkon adireshi. Mutum ya rubuta href="facebook.com/sunansa" domin haka ya saba bugawa a burauza kuma tana buɗewa. A cikin kod lamarin ya sha bamban. In babu https://, burauza tana ɗauka cewa wani shafi kake nufi a cikin bulog ɗinka, sai ta haɗa adireshinka da abin da ka rubuta, ta nemi wani abu mai kama da sunanka.blogspot.com/facebook.com/sunansa. Babu wannan shafi, don haka mai karatu ya tsinci kansa a gaban saƙon 404, mai cewa ba a sami shafin ba. Haruffa takwas kacal za ka ƙara a gaba, shi ke nan an gama.

Na kusa da shi shi ne alamar #. Masu haɗa tamfilet, wato shiryayyen fasalin da ake ɗora wa bulog, suna sa href="#" a kowane tambari a matsayin mazauni, da nufin kai ka cire ka sa naka. Wanda bai cire ba, duk mai danna tambarin sai dai shafin ya yi tsalle ya koma sama. Mafi muni shi ne kod ɗin da aka kwafo daga darasin wani, ko tamfilet na sata, wanda har yanzu adireshin mai shi ke ciki. Sai ka yi wata da watanni kana tara wa wani mabiya ba ka sani ba. Bayan ka liƙa kowane kod, bi href ɗaya bayan ɗaya da idonka.

Akwai kuma masu kwafo adireshin daga wurin da bai dace ba. Kana cikin wurin kula da shafinka na Facebook, ka kwafi abin da ke saman burauza, wanda ya fara da business.facebook.com. A wayarka zai buɗe lafiya lau tunda kai ne mai shafin, amma baƙo za a ce masa ya shiga asusunsa, ko a nuna masa ba shi da izini. Haka studio.youtube.com. Adireshin da jama'a ke gani shi ake so: facebook.com da sunan shafi, youtube.com/@suna, tiktok.com/@suna, instagram.com/suna, t.me/suna. Ka lura TikTok da YouTube suna son alamar @, Instagram da Telegram ba sa so. In ka kwafo daga manhajar waya, sau da yawa za ka ga alamar tambaya da dogon jerin haruffa a ƙarshe, kamar ?igsh= na Instagram. Na bin diddigi ne, goge shi daga alamar tambayar zuwa ƙarshe. Banda guda ɗaya da kai za ka ƙara da kanka: ?sub_confirmation=1 a ƙarshen adireshin tashar YouTube yana sa a tambayi mai kwamfuta ko yana so ya yi rajista da tashar.

Wata shawara ta gefe: in bulog ne na jama'a, kai mutane shafin Facebook na bulog ɗin, ka bar asusunka na kanka. Asusun mutum ba ya wuce abokai 5,000, kuma ba kowane baƙo ya kamata ya ga hotunan sunan ɗanka ba.

WhatsApp, inda aka fi shan wahala

A wajenmu WhatsApp ne maɓallin da aka fi dannawa, kuma shi ne aka fi ɓatawa. Tsarin wa.me yana son lambar ƙasa a gaba, ba alamar +, ba tazara, ba sifirin farko. Lambar Najeriya da ta fara da 0803 za ta koma https://wa.me/234803 sannan sauran lambobin. Ghana 233 ce, ita ma a jefar da sifirin. Nijar 227 ce, sai lambobi takwas ɗin kai tsaye. Wanda ya rubuta wa.me/0803 ko wa.me/2340803, WhatsApp zai ce wa mai karatu lambar ba daidai ba ce.

Amma kafin nan, tambayi kanka ko lambarka kake son bazawa a duniya. Wa.me hira ce kai tsaye da kai, ba bibiya ba ce, kuma za ka sha kira da sallamar tsakar dare. Adireshin zaure, mai farawa da chat.whatsapp.com, shi ma yana da nasa ciwon: duk wanda ya shiga yana ganin lambobin sauran, ciki har da na mata da ƙananan yara, zauren yana cika, kuma ranar da wani shugaban zaure ya sabunta adireshin gayyata, maɓallinka ya mutu ba tare da an sanar da kai ba. Tun 2023 WhatsApp ya fito da tashoshi, masu adireshin whatsapp.com/channel/, inda mabiya ba sa ganin lambar juna kuma ba sa ganin taka. A ganina ita ce ta dace da bulog.

Kar a kuma haɗa maɓallin bibiya da na yaɗawa. Duk adireshin da ka ga sharer.php a ciki, aikinsa ya tura rubutunka zuwa shafin mai karatu. Yana da amfaninsa a ƙasan kowane rubutu, amma ba zai ƙara maka mabiyi ko ɗaya ba.

Alamar zance mai lanƙwasa

Wannan ƙaramin abu ne da ke cinye wa mutane yini guda. Kod yana son alamar zance miƙaƙƙiya, wato ". Manhajar Word da allon rubutun wasu wayoyi suna mayar da ita mai lanƙwasa, “ da ”, don ta fi kyau a ido. Burauza ba ta ɗauke ta a matsayin alamar kod, sai ta haɗa ta cikin adireshin, komai ya wargaje. A fuskar waya da kyar ake gane bambancin. Saboda haka kar ka ajiye kod a Word, yi amfani da Notepad ko wata manhajar rubutu zalla. In maɓalli ya ƙi aiki alhali komai ya yi daidai a ido, goge alamomin zancen duka ka sake buga su.

Rashin rufe </a> shi ma yana nan. Alamarsa ba ta ɓuya: rubutun da ke bayan maɓallin ya koma shuɗi, duk inda aka taɓa sai Facebook.

Tambarin da ya koma akwatin banza

Tamfilet da yawa suna amfani da Font Awesome, wani tarin tambura da ke zuwa a matsayin haruffa na musamman, wajen nuna tambura, kuma nan ne ake ganin ɗan murabba'i fanko a inda ya kamata tambarin dandali ya fito. Dalili biyu ne. Ko dai ba a sa layin da ke kiran Font Awesome a cikin <head> ba, ko kuma kod ɗin maɓallin na wani zubi (version) na Font Awesome ne, wanda aka kira na wani zubin daban. Zubi na 4 yana rubuta fa fa-facebook, na 5 yana rubuta fab fa-facebook, na 6 kuma fa-brands fa-facebook. Tsofaffin tamfilet na Blogger da yawa suna kan 4.7, wanda ya fito a 2016, don haka babu TikTok a cikinsa ko ka yi ta rubuta sunan. Tambarin X, bayan Twitter ta canza suna a Yulin 2023, sai daga 6.4.2 zuwa sama ake samunsa, da sunan fa-x-twitter. Buɗe kod ɗin tamfilet ka nemi kalmar awesome, lambar zubin tana cikin adireshin.

Ni dai ba na ba mai rubuta wa Hausawa shawarar dogara da Font Awesome. Masu karatunmu da dama suna buɗe shafi da Opera Mini don tattalin data, kuma in tana kan matsanancin tattali ba ta sauke irin waɗannan haruffan na musamman, sai tamburan su ɓace. Ga shi kuma za ka sa mutum ya sauke tarin tambura don guda huɗu kawai. Ƙananan hotunan PNG ko SVG sun fi sauƙi kuma sun fi tabbas.

Sai dai hoton ma a ajiye shi a gida. Kar ka jingina src da hoton da ke shafin wani, domin ranar da ya goge naka ya tafi. An ga haka a 2017 lokacin da Photobucket ya fara neman kuɗi kafin a nuna hotunansa a wasu shafuka, aka kuma gani a 2019 da TinyPic ya rufe: bulog masu ɗimbin yawa suka wayi gari da ramuka a inda hotuna suke. A Blogger, ɗora tamburan a cikin wani rubutu da ba za ka wallafa ba kuma ba za ka goge ba, ka kwafi adireshinsu daga ɓangaren HTML. A WordPress, ɗora su a Media. Adireshin hoton ya fara da https, domin burauza na iya ƙin nuna hoton http a shafi mai https. A rage girmansa tun kafin a ɗora: sa width="44" ba ya rage nauyin hoto mai megabait biyu, mai karatu zai biya datar duka. Kuma a cika alt da Hausa, shi ke fitowa in hoton bai sauka ba, shi kuma manhajar makafi ke karanta musu.

Inda ake liƙa kod ɗin

A Blogger hanya mafi aminci ita ce Layout, sai Add a Gadget, sai HTML/JavaScript. Masu shiga Edit HTML na tamfilet kai tsaye su sani can XML ne, ba ya yafe komai: dole <img> ya ƙare da />, kuma duk & da ke cikin adireshi sai an rubuta shi &amp; kafin ya yarda a adana. Kafin ka taɓa komai a can, sauke kwafin tamfilet ɗin ta Backup ka ajiye. A WordPress, Custom HTML ake nema. Wanda ya liƙa a wurin rubutu na yau da kullum, kod ɗin ne zai fito tsirara a gaban masu karatu.

Tsofaffin tamfilet na Blogger suna da fuska ta daban ga waya, wadda adireshinta ke ƙarewa da ?m=1, kuma ba kowane gajet take nunawa ba. Sai maɓallan su yi kyau a kwamfutarka, masu waya kuwa, waɗanda su ne mafi yawan masu karatunka, ba su taɓa ganinsu ba. Gyaran shi ne a nemo layin b:widget na gajet ɗin a ƙara mobile='yes', a kuma saita fuskar wayar ta koma Custom, ko a koma tamfilet na zamani mai daidaita kansa da kowace fuska. Ko a irin wannan ma, abin da ke gefen shafi a kwamfuta can ƙasa yake sauka a waya, bayan sharhi da komai. Ƙarshen rubutu ya fi, daidai inda mutum ya gama karantawa.

Girman maɓalli ma abin dubawa ne. Apple na ba da shawarar 44 a faɗi da tsawo, kamar a misalinmu na sama, Google 48, domin da babban yatsa ake dannawa, wani lokaci a cikin Keke Napep yana tsalle a kan hanya. A bar tazara tsakaninsu, kar mai neman YouTube ya faɗa Telegram.

Yawan tambura ba shi ne ado ba. Har yau akwai shafuka masu ɗauke da jan tambarin Google+, dandalin da aka rufe tun Afrilun 2019. Wasu kuma suna ɗauke da kod ɗin AddThis, wanda ya daina aiki a ƙarshen Mayun 2023, yana nan yana ƙara wa shafi nauyi a banza. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son layin HTML zalla a kan kod ɗin wani kamfani: babu wanda zai rufe maka shi. Sa dandalin da kake rubutu a kai da gaske, biyu ko uku. Kai mutum shafin da rabonsa da sabon rubutu shekara biyu ya fi rashin maɓallin muni.

Gwaji kuwa ba a wayarka ake yinsa ba, tunda ita ta riga ta san ka, tana cikin duk asusunka, kuma ta adana tsofaffin hotuna. Buɗe bulog ɗin a shafin sirri na burauza, wanda Chrome ke kira Incognito, ka danna kowane maɓalli. Sannan ka ari wayar wani, in so samu ne ƙarama mai Opera Mini, ka kashe Wi-Fi ka gwada da data. Duk ranar da ka canza sunan shafinka a wani dandali, ko ka sauya tamfilet, sake wannan gwajin a ranar, domin tsohon adireshin yana nan a cikin kod ɗinka har sai ka canza shi da hannunka.