Yadda Ake Zaga Jihohin Amurka 50 Ta Bin Wasannin Ƙananan Kulob na Besbol

A Amurka akwai masu ɗora wa kansu burin taka kowace jiha daga cikin 50, kuma ba sa ƙirga jiha sai sun zauna a cikinta sun kalli wasan besbol, wato wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, na ƙananan kulob. Ni ina ganin wannan hanya ce mai kyau ta sanin ƙasar. Manyan kulob 30 na babbar gasar besbol a manyan birane suke, amma ƙananan suna garuruwa irin su Biloxi da Davenport da Asheville, inda baƙo ba zai je ba sai da dalili. Tikitinsu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kujerarka tana dab da fili har kana jin ƙarar ƙwallo a safar hannun mai cafewa. Ga wanda yake zaune can, ɗalibi ne ko ma'aikaci, ko wanda yake zuwa ziyara lokaci-lokaci, ga yadda ake tsara abin.

Mataki na farko: ka san tsarin kafin ka buɗe taswira

Tun garambawul ɗin da aka yi wa tsarin a 2021, ƙananan kulob masu alaƙa da manya 120 ne, a hawa huɗu: Triple-A, Double-A, High-A da Single-A. Kowane babban kulob yana da guda a kowane hawa, inda yake renon 'yan wasansa. Ɗaya daga cikin 120 ɗin, Vancouver Canadians, a Kanada yake, don haka ba ya cikin lissafinka. Triple-A kan fara a ƙarshen Maris, sauran a Afrilu, kuma kowa ya kammala a Satumba.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne yadda ake jera wasannin. Galibi kulob biyu kan kara sau shida a jere a fili ɗaya, daga Talata zuwa Lahadi, a huta ranar Litinin. Ma'ana idan kulob yana gida, kana da kusan mako guda ka same shi, idan kuma ya fita, filinsa a rufe yake mako guda cur. Litinin ita ce ranar doguwar tuƙi.

Mataki na biyu: ka kafa wa kanka ƙa'ida

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin ba kowace jiha ke da irin waɗannan kulob ba. Jihohi 13 ba su da ko ɗaya daga cikin 120 ɗin: Alaska, Hawai, Montana, Wyoming, Idaho, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Vermont, Rhode Island, West Virginia, Louisiana, Kolarado da Arizona. Wasu sun rasa nasu ne lokacin garambawul, wasu kulob ɗin ne ya tashi. Na Pawtucket a Rhode Island ya koma Worcester a 2021, na New Orleans kuma ya koma Wichita bayan kakar 2019.

Saboda haka tun kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka yanke shawara me za ka karɓa a madadinsu. Shawarata ka buɗe ƙofa ga gasanni masu zaman kansu, da gasannin bazara na ɗaliban jami'a, da wasannin jami'o'i su kansu. Wanda ya ce sai kulob mai alaƙa da manya, a jiha 37 zai tsaya. Da wannan sassauci kuwa Montana tana da Billings Mustangs da Missoula PaddleHeads, Idaho tana da Boise Hawks, Dakota ta Arewa tana da Fargo-Moorhead RedHawks, ta Kudu tana da Sioux Falls Canaries. A Vermont akwai Lake Monsters a Burlington, a Rhode Island akwai Newport Gulls, a West Virginia akwai Charleston Dirty Birds. Louisiana sai ka nufi Baton Rouge ka kalli wasan jami'ar jihar, wato LSU. Arizona tana da gasar matasan 'yan wasa a Oktoba da Nuwamba, bayan sauran sun rufe. Wyoming ce ta fi buƙatar bincike, kuma mai yiwuwa ka ƙare a wasan samari na American Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, a Cheyenne.

Mataki na uku: ka fara saka masu wuya a kalanda

Kada ka bar Alaska da Hawai sai ƙarshe don kawai suna da nisa. Lokacinsu gajere ne, su ya kamata su fara samun gurbi, sauran su biyo baya.

A Fairbanks ta Alaska akwai wasan da ake yi kowace shekara a daidai rana mafi tsawo, wajajen 21 ga Yuni, al'adar da ta faro tun 1906. Ana farawa da misalin ƙarfe goma na dare, a ƙetara tsakar dare ana wasa, ba a kunna fitila ko ɗaya ba, domin hasken sama bai gushe ba. Kulob ɗin Alaska Goldpanners ke karɓar baƙi. Sau ɗaya ake yinsa a shekara, don haka jirgi da masauki ka kama su tun watanni kafin lokacin. In bai yiwu ba, akwai wasannin bazara a Anchorage a Yuni da Yuli.

Hawai ta taɓa samun kulob na Triple-A, Hawaii Islanders, daga 1961 zuwa 1987. Yanzu abin dogaro shi ne jami'ar Hawai a Honolulu, wadda kakarta ke gudana daga Fabrairu zuwa Mayu. Wanda ya je a Agusta zai ga teku, ba zai ga wasa ba. Haka ma gasannin arewa irin na Montana da Vermont, sai ƙarshen Mayu suke farawa saboda sanyi.

Mataki na huɗu: ka raba ƙasar shiyya-shiyya

Ba wanda zai gama wannan a kaka ɗaya sai mai hutu da kuɗi masu yawa. Tafiya ɗaya ko biyu a shekara, kowace ta kwana biyar zuwa goma, ita ce ta dace da mai aiki.

Arewa maso gabas ita ce wurin farawa, domin jihohin ƙanana ne. Daren Talata kana Portland ta Maine wajen Sea Dogs, Laraba kana Manchester ta New Hampshire bayan tuƙin da bai kai awa biyu ba, Alhamis Worcester a Massachusetts, Juma'a Hartford a Connecticut. Jiha huɗu a kwana huɗu, kuma in Yuni ne ko Yuli sai ka ƙara Newport da Burlington. Amma wannan zai yiwu ne kawai a makon da duka kulob ɗin suke gida. Ka buɗe jadawalin kowannensu, wanda akan fitar tun kafin kaka ta fara, ka jera a takarda ɗaya, ka yi wa makonnin gida alama, sannan ka nemi inda alamomin suka haɗu. Wannan zama na awa biyu shi ne ainihin aikin.

Carolina ta Arewa cike take da kulob, Durham da Greensboro da Winston-Salem duk a kan hanya ɗaya, har mutum ya ji kamar ya zauna nan. Ka tuna jiha ɗaya ce a lissafi. Ka zaɓi fili ɗaya ko biyu, misali tsohon filin McCormick na Asheville da aka buɗe a 1924, ka wuce. Yamma kuwa wani abu ne daban: daga Billings zuwa Missoula awa biyar ne, kuma ba ka fita daga Montana ba. A can kada ka tsara wasa kowane dare. Ka kuma lura da bambancin agogo, domin ƙasar ban da Alaska da Hawai tana da lokuta huɗu, kuma mai tafiya gabas yana asarar awa guda duk inda ya ƙetara iyakar lokaci.

Mataki na biyar: ka bar wa ruwan sama gurbi

Ba a wasan besbol cikin ruwa mai ƙarfi. Za ka ga ma'aikata sun fito a guje suna jan ƙatuwar tamfol su rufe tsakiyar fili, 'yan kallo su koma ƙarƙashin rumfa suna jira. Wasa zagaye 9 ne, kuma idan an kammala biyar kafin a tsayar, ana iya ɗaukarsa a matsayin cikakke. Idan an ɗage, yawanci tikitinka zai yi maka a wani wasan, sau da yawa kuma washegari akan yi wasa biyu a jere, kowanne zagaye 7. Wannan ba zai amfane ka ba idan washegari kana wata jiha. Duk jihar da ta yi maka wuyar zuwa, ka isa da kwana ɗaya a hannu, kuma kada ka zaɓi Lahadi, domin bayanta kulob ɗin zai iya barin gari.

Mataki na shida: mota, masauki da ranar wasa

Motar haya ta fi jirgin ƙasa da bas amfani a nan. Ka tsara hanyar ta zama kewaye, ka mayar da motar inda ka ɗauke ta, domin ajiye ta a wani gari yana jawo ƙarin caji mai nauyi. Tikitin Talata da Laraba akan same shi a ƙofa, amma na Juma'a da Asabar, da ake yawan wasan wuta bayan an tashi, ka saya ta intanet tun da wuri. Filaye da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, wasu kuma ba sa barin jaka sai mai nuna abin da ke ciki.

Ka shiga da zarar an buɗe ƙofa, ka zaga filin. A Davenport ta Iowa filin yana bakin kogin Mississippi, gada tana tsaye a bayansa, akwai kuma ƙaton lilo mai juyawa da yara ke hawa ana tsakiyar wasa. Musulmi ya kula da abinci: naman da ake sakawa a burodi sau da yawa na alade ne ko gauraye, don haka gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali sun fi kwanciyar hankali. Wasan dare kan fara wajen ƙarfe bakwai, magariba ta riske ka a ciki, kuma wasu filaye ba sa barin wanda ya fita ya dawo. Ka zo da alwala, ka tambayi ma'aikatan kula da baƙi wani lungu mai tsabta.

Bayan kowane wasa ka rubuta rana, gari, kulob biyun da sakamako. Duk farkon shekara kuma ka sake duba jerin jihohin da suka rage maka, domin kulob na ƙaura. Mississippi Braves sun bar jiharsu zuwa Columbus ta Jojiya a 2025, suka bar Biloxi Shuckers kaɗai masu alaƙa da manya a Mississippi. Jihar da kulob ɗaya ya rage mata, ka matso da ita gaba a jerinka.