Darasi Na 9: Idan Gilashin Baya Da Madubin Gefe Suka Daina Korar Raɓa

Yawancin motocin da ke yawo a Sakkwato an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, suka shigo mana ta Kwatano ko Legas bayan sun yi aiki a Turai ko Amurka. Shi ya sa suke zuwa da kayan da mai mota zai shekara bai taɓa ba. Ɗaya daga ciki shi ne abin ɗumama gilashin baya da madubin gefe. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, wa zai tuna da shi? Sai Agusta ta kama, ruwa ya tsuge da asuba, direba ya cika mota a hanyar Illela ya rufe gilasai. Kafin a kai Kware numfashin fasinja ya lulluɓe gilashin baya, madubin gefe kuma duk ɗigon ruwa. Ran nan ake neman maɓallin, a danna, a ji shiru.

Yadda abin yake aiki

Dubi gilashin bayan mota da kyau. Za ka ga siraran layuka masu launin ƙasa-ƙasa a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba ado ba ne. Hanyar wuta ce da aka shafa a jikin gilashin ta ciki. Wutar batir mai bolt 12 tana shiga ta gefe ɗaya, ta ratsa layukan, ta fita ta ɗaya gefen zuwa ƙarfen jikin mota. Tana wucewa layukan na ɗumi, raɓa na bushewa. A bayan madubin gefe ma akwai ɗan faifai mai irin wannan aiki, kuma a motoci da yawa maɓalli ɗaya ne ke kunna su duka.

Alamar maɓallin ita ce zanen akwati mai kusurwa huɗu da kibau uku masu lanƙwasa. Yana kashe kansa bayan kamar minti 10 zuwa 15, saboda abin yana shan wuta ƙwarai. Wannan ba lalacewa ba ce. Kuma ƙurar hunturu ba aikinsa ba ne, wannan sai tsumma.

Fara da tambaya

Wani yaron gareji ya zo wurin maigidansa da sukundireba a hannu.

"Maigida, in kwance murfin ƙofar?"

"Mi ka gani da za ka kwance ƙofa? Gilashin baya na ɗumi?"

"Ban duba ba."

"To aje sukundireba. Tai ka dubo."

Gaskiyar maigida ce. Abin da ya mutu da abin da ya rage yana aiki su ne ke nuna inda laifin yake. Idan gilashi da madubai biyu sun mutu tare, nemi abin da ya haɗa su: fis (abin da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa), rile (makunnin da maɓalli ke sa ya saki wuta), ko maɓalli. Idan gilashi na aiki amma madubai biyu ba sa yi, sau da yawa ƙaramin fis ɗin madubi ne, ko kuma motar tun asali ba ta zo da madubi mai ɗumi ba. Idan madubi ɗaya ne kawai, laifin na cikin wannan ƙofar.

Yi gwajin da sassafe, inji na aiki. Da rana tsaka a garin nan gilashi ya riga ya yi zafi, hannunka ba zai gaya maka komai ba. Huci gilashin ta ciki, ka danna maɓalli, ka jira minti biyu ko uku ka ga inda hucin ya fara gushewa.

Fis da rile

Akwatin fis yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, wasu motocin duka biyun. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Kowane fis da lambarsa da launinsa: 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya, 30 kore. Na gilashin baya babba ne, yawanci 20 zuwa 40. Na madubi ƙarami ne, kamar 7.5 ko 10. Zare shi ka ɗaga wa haske. In ɗan ƙarfen ciki ya tsinke, ya ƙone.

Sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka yarda a naɗa maka silin waya a madadinsa, ko da mai gyaran ya ce kowa haka yake yi. Fis yana ƙonewa ne don kada wayar mota ta ƙone. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai waya da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta.

Rile ɗan akwati ne baƙi mai ƙafa huɗu ko biyar. Ɗora yatsa a kansa, wani ya danna maɓalli. Ya kamata ka ji ƙas. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, ka sake gwadawa. Kada fitilar maɓalli ta ruɗe ka: tana iya kamawa alhali wuta ba ta isa baya ba.

Gilashin kansa

A nan aka fi samun ɓarna, kuma mafi yawa hannun mutum ne. Mai cire baƙar leda ko sitika da reza yana yanke layukan bai sani ba. Haka buhun da aka cusa a but yana gogar gilashi tun daga Gusau. In za ka wanke gilashin ta ciki, bi layukan a kwance da tsumma mai laushi.

Duba ƙananan ƙarafa biyu da waya ke kamawa a gefen gilashi. Sukan ɓalle. In suna nan, ɗauko mita ta auna wuta, ka danna maɓallin ɗumama gilashi. Ɗora baƙar wayar mita a ƙarfen mota, jar kuma a gefen da wuta ke shiga. Ka ga bolt 12 ko sama kaɗan, wuta ta iso. Yanzu naɗa 'yar takardar azurfa ta kwalin sigari a bakin jar wayar don kada ta karce, ka taɓa tsakiyar kowane layi. Lafiyayyen layi zai nuna kamar bolt 6. Wanda ya nuna 12 ko sifili ya tsinke. Bi shi a hankali har inda lambar ta sauya farat ɗaya, nan yankan yake, wani lokaci siririnsa bai kai gashi ba. In duk layukan sun nuna 12 daga farko har ƙarshe, wayar da ke komawa jikin mota ce ta kwance ko ta yi tsatsa.

Ana gyara yankan da wani fenti na musamman mai ɗaukar wuta. A manna salatif sama da ƙasan layin, a shafa, a bari ya bushe yadda kwalinsa ya ce. Fentin mota ko gam ba za su yi ba.

Ƙofa

Motar da gilashin bayanta ke ɗagawa tare da ƙofar but tana da robar da wayoyi ke bi ta ciki, kusa da maƙalin ƙofar. Buɗewa da rufewa na shekaru, ga zafin rana, suna karya waya a ciki. Irin wannan robar tana tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Janye ta ka ja kowace waya a hankali. Wadda ta miƙe kamar ɗanko ta karye a cikin rigarta. Sai ka tabbatar wuta na isa bayan madubi kafin ka sayi sabon gilashinsa.

Aikin gida

Je wurin wata mota, ka buɗe akwatin fis, ka rubuta lamba da launin fis biyar a littafinka. Sannan ka amsa: mita ta nuna sifili a tsakiyar layi na uku, sauran layukan sun nuna 6. Za ka sayi rile, ko za ka nemi fenti?