Yadda za ka bi diddigin fashewar rana da wayarka

Da farko dai don Allah kar ka ɗaga kai ka kalli rana, ko da baƙin tabarau ne, ido zai lalace. A waya za a yi komai, tunda akwai taurarin ɗan'adam a sama suna kallonta ba dare ba rana kuma hotunan kyauta ne, data kawai za ka saya.

Ka fara da shafin hukumar NOAA ta Amurka, ka nemo jadawalin hasken eksre na GOES, wato taurarin ɗan'adam na hukumar. In layin ya yi tsalle sama to an yi fashewa, wato wani wuri a jikin rana ya saki haske mai ƙarfi farat ɗaya. Ajinsu A, B, C, M, X ne, kowanne ya ninka na ƙasansa sau 10, don haka M da X su ne abin rubutawa. In agogon Najeriya kake so ka ƙara awa 1 a kan lokacin don agogonsu GMT ne.

Sai ka buɗe shafin Helioviewer ka sa lokacin na GMT ɗin, hoton tauraron ɗan'adam na SDO zai nuna maka inda ya haska a jikin ranar.

Yanzu ka koma kyamarar LASCO ta tauraron ɗan'adam na SOHO, wanda aka harba a 1995, ni a wajena nan ne daɗin abin yake. An toshe ranar da faifai a tsakiyar hoton don a ga gefenta, ka jera hotunan awanni kaɗan bayan fashewar, in ka ga farin gajimare na bulbulowa ta gefe ɗaya to rana ta yi aman gas mai caji, in kuwa ya zagaye faifan kamar zobe to ko mu ya nufo ko bayanta ya yi, hoton SDO ɗin ne zai raba gardama. Wani lokacin hoton zai cika da ɗigo-ɗigo fari, ba lalacewa ya yi ba, burbushi ne masu tsananin gudu ke bugun kyamarar.

Hasken minti 8 yake yi ya iso, burbushin mintoci zuwa awanni, aman kuwa yawanci kwana 1 zuwa 3. Irin wannan aman ne ya ɗauke wutar Kwebek ta Kanada a Maris 1989.

'Yan fiziks na ABU Samaru da ɗaliban kwalejin jiragen sama, ku gwada wannan: ranar da aka yi X da tsakar rana ku kunna rediyon gajeren zango, ku rubuta minti nawa tashar ta yi a dushe, ku haɗa da jadawalin GOES.