Ga masu shirin zuwa dajin Muir Woods

Jama'a, duk mai niyyar zuwa ganin dogayen bishiyoyin da ake kira redwood a Muir Woods, arewa da birnin San Francisco na Amurka, ya kama wurin ajiye mota ta intanet tun yana gida. Tun 2018 haka dokar take. Can ciki babu sabis, don haka a sauke takardar a waya kafin a kama hanya.

A riƙe rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, hazon teku yakan lulluɓe dajin da safe. Kuma don Allah kar a sauka daga hanya saboda hoto. Yawancin bishiyoyin nan sun haura shekara 600, amma saiwoyinsu ba su yi zurfi ba, yawan tattakawa yana lahanta su. Ku yi sammako, da hantsi wurin ya cika.