Kurakuran da ke cinye makin ɗalibai a lissafin nisa, gudu da lokaci

Na daɗe ina koyar da masu shirin WAEC da JAMB lissafi a nan Jos, kuma duk shekara kurakuran nan dai nake tararwa a takardunsu. Ƙa'idar kam kowa ya haddace: nisa shi ne gudu sau lokaci. Wajen aiki da ita ake tuntuɓe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne matsakaicin gudu. Mota ta tashi daga tashar Bauchi Road zuwa Bauchi, mu ɗauka kilomita 120 ne, tana gudun kilomita 60 a awa. A dawowa ruwa ya tsuge, direba ya rage zuwa 40. Nan take yaro zai tara 60 da 40, ya raba biyu, ya rubuta 50. Haka na yi a jarrabawar gwaji ina ajin ƙarshe na sakandare, makin tambayar ya tafi duka, shi ne ya hana ni kiredit a gwajin. Har yau abin na yi mini zafi. Amsar 48 ce. Zuwa awa 2, dawowa awa 3, wato kilomita 240 cikin awa 5. Motar ta fi daɗewa a kan gudun 40, dole amsa ta karkata can. Ni yanzu ba na taɓa alƙaluman gudu sai na fitar da jimillar nisa da jimillar lokaci.

Sai batun minti. Haba 'yan samari da 'yan mata! Wa ya ce muku awa 2 da minti 30 shi ne 2.30? Minti 60 ne a awa, saboda haka 2.5 ne. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne. In an ce jirgi ya cinye shi a wannan lokacin, gudunsa 74.4 ne, amma mai danna 2.30 a kalkuleta zai samu kusan 81, kuma ko a jikinsa. Ganda ce kawai, raba minti da 60 ba ya cin daƙiƙa goma.

Wajen neman lokacin da motoci biyu za su haɗu kuwa, in suna fuskantar juna a tara gudunsu, in ɗaya na bin ɗaya a debe. Kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa, a raba da 3.6: 72 ya koma 20.

Ɗalibaina sun san ba na karɓar aiki babu zane: layi ɗaya, kibiya ga kowace mota, sannan a rubuta da kalmomi abin da t, harafin da ke tsayawa a madadin lokaci, ke nufi. Ga dalili. Mota ta tashi da gudun 60, bayan awa ɗaya wata ta bi ta da 80. Za ka rubuta 60t = 80(t − 1), t ya fito 4. Lokacin motar farko ke nan. In ta biyun aka tambaya, awa 3 ta yi kafin ta cim mata.