Yadda za ka gane ma'ajiyar ƙashin kai a Python, da misalin rumfunan Farin Gada

Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada a Jos ya ga rumfunan dankalin turawa a jere, fasalinsu ɗaya, amma kowace da mai ita, da yawan buhunanta, da littafin bashinta. Abin da malaman kwamfuta ke kira instans bariyabul ke nan: ma'ajiyar bayani da ta zama mallakin abu guda, ba ta kowa da kowa ba. A nan za mu kira ta ma'ajiyar ƙashin kai. Kilas, wanda ake rubutawa `class` a Python, shi ne fasalin rumfar, ita kuwa rumfar da aka kafa bisa fasalin ita ce abun.

Buɗe Python 3, yaren da ake rubuta manhajar kwamfuta da shi, ka rubuta wannan da hannunka. Kada ka kwafa, domin yatsu ma suna koyo.

```
class Rumfa:
    kasuwa = "Farin Gada"

    def __init__(self, mai_ita, buhuna):
        self.mai_ita = mai_ita
        self.buhuna = buhuna
        self.bashi = []

    def sayar(self, nawa):
        self.buhuna -= nawa

ta_ladi = Rumfa("Ladi", 40)
ta_garba = Rumfa("Garba", 25)
ta_ladi.sayar(6)
print(ta_ladi.buhuna, ta_garba.buhuna)
```

Za ka ga 34 da 25. Ladi ta sayar da buhu 6, kayan Garba ko gezau. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira Rumfa, Python na ƙirƙiro sabon abu ya miƙa shi ga `__init__`, wato sashen da ke zuba wa sabon abu bayanansa na farko, da sunan `self`. Ka ɗauki `self` a matsayin "wannan rumfar da ake magana a kanta yanzu". Saboda haka `ta_ladi.sayar(6)` daidai yake da `Rumfa.sayar(ta_ladi, 6)`. Gwada na biyun, sakamakon ɗaya ne, kuma daga nan `self` zai daina yi maka kama da tsafi.

Layin `self.buhuna = buhuna` ne ke ruɗa masu koyo. Na dama baƙo ne, yana rayuwa ne iya lokacin da `__init__` ke aiki. Na hagu shi ne ɗan gida, yana nan muddin rumfar na nan. In ka manta `self` ka rubuta `buhuna = buhuna`, Python ba zai ce uffan ba a wurin. Sai ka zo neman `ta_ladi.buhuna` ya jefo maka AttributeError, saƙon kuskuren da ke cewa babu wannan ma'ajiyar, kai kuma ka tsaya kana binciken layin da ba shi da laifi. Koma `__init__` ka duba.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba ya kawo saƙon kuskure kwata-kwata. Ɗauke `self.bashi = []` daga `__init__`, ka sa `bashi = []` a sama, kusa da `kasuwa`. Sai ka rubuta `ta_ladi.bashi.append(15000)`, ka duba `ta_garba.bashi`. Naira 15000 ɗin Ladi na zaune a littafin Garba. Duk abin da aka rubuta kai tsaye a ƙarƙashin kilas na haɗaka ne, sau ɗaya ake yin sa, kowace rumfa kuma shi take kallo. Sunan kasuwa ya dace da can, tunda duka a Farin Gada suke. Littafin bashi kuwa bai dace ba, kowa tasa ta fishshe shi. A ganinmu, mai koyo ya riƙe wannan ƙa'ida ba sassauci: duk jeri (list, irin `[]`) ko ƙamus (dict, irin `{}`) da zai riƙa canzawa, a cikin `__init__` ake haifar sa. Haka ma kada ka rubuta `bashi=[]` a cikin baka biyu `( )` na layin `def`, domin shi ma sau ɗaya ake ƙirƙirar sa, matsalar haɗakar ta dawo ta bayan gida.

Akwai wani abin lura. In ka rubuta `ta_ladi.kasuwa = "Terminus"`, ba ka canza wa kowa kasuwa ba. Ka dai yi wa rumfar Ladi sabuwar ma'ajiya wadda ta rufe ta haɗakar, saboda Python kan fara dubawa a jikin abu, in bai samu ba ya haura kilas. Garba na nan Farin Gada.

In abu ya shige maka duhu, rubuta `vars(ta_garba)`. Zai fito maka da `mai_ita`, `buhuna` da `bashi` tare da abin da ke cikinsu, ba za ka ga `kasuwa` ba. Abin da ya fito shi ne na ƙashin kai.

Sannan `wata = ta_garba` ba ta kafa sabuwar rumfa, laƙabi na biyu kawai ka raɗa wa ta Garba. Ka sayar ta hannun `wata`, buhunan Garba ne za su ragu. `wata is ta_garba` zai ba ka True. In rumfa ta daban kake so, sake kiran Rumfa.

Wanda makarantarsa ta fara masa da Java, ma'anar ɗaya ce: `this` ne a madadin `self`, ana bayyana ma'ajiyoyin a jikin kilas, kuma `static` ne ke mai da su na haɗaka. Java kan zuba 0 ko null ko false in ba ka sa komai ba, Python kuwa ba ya yi maka wannan, don haka ka ba kowace ma'ajiya ƙimar farko a `__init__`, ko da None ne, wato "babu komai".